Muhawara: Da wane hannu Ingila ta sauya birnin Haifa tsakanin 1918 da 1948?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk lokacin da aka tayar da maganar Falasɗinu sai a ce Ingila ce ta kawo Yahudawa, a ambaci wasiƙar Balfour ta 2 ga Nuwamba 1917 wadda Ingila ta yi alkawarin goyon bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, daga nan a rufe zance. To amma wasiƙa ba ta ɗauko mutum daga Poland ta sauke shi a bakin teku, kuma ba ta gina masa ɗaki. Ina roƙon masana su ɗauki gari guda, Haifa, mu bi shi daki-daki. Me Turawan mulkin mallaka suka yi da hannunsu? Wace doka, wane ofis, mutum nawa, kuɗi nawa?

Malama Zainabu:
Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da ƙidaya don mu san girman abin da muke magana a kai. Sojojin Ingila sun kama Haifa daga hannun Daular Usmaniyya ranar 23 ga Satumba 1918, kuma mahaya dawakin Indiya ne daga Jodhpur da Mysore suka yi wannan yaƙin. Ƙidayar farko da Turawa suka yi a 1922 ta sami mutum 24,634 a garin: Musulmi 9,377, Kirista 8,863, Yahudawa 6,230. Wato Yahudawa kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙidayar 1931 garin ya kai 50,403, Yahudawa 15,923. Ƙiyasin gwamnati na 1945 ya ce mutum 138,300 ne, Yahudawa 75,500, Musulmi 35,940, Kirista 26,570.

A lura da abu biyu. Cikin shekara 23 Yahudawa sun ninka sau goma sha biyu har suka zarce rabin gari. Su ma Larabawa sun ƙaru, daga wajen 18,000 zuwa sama da 62,000, kuma yawancin ƙarin ƙauyawa ne da suka shigo neman aikin lebura. Ashe garin ya ja mutane ta ƙofa biyu, sai dai ba da sharaɗi ɗaya aka shigo ba.

Kafin Turawa ma akwai Yahudawa a Haifa, yawancinsu 'yan asalin Maroko da sauran ƙasashen Usmaniyya, suna jin Larabci, suna zaune cikin tsohon gari. Usmaniyyawa sun taƙaita shigowar Yahudawan Turai tun 1882, har suka riƙa ba su jar takarda ta ziyarar wata uku, ko da yake cin hanci da sa bakin ofisoshin jakadanci sun sa dokar ba ta yi ƙarfi ba.

Barista Nura:
Madalla da wannan shimfiɗa, Malama. Ni zan shiga ta ɓangaren doka, don a nan ne hannun Ingila ya fi fitowa fili.

Takardar riƙon amana da Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta amince da ita ranar 24 ga Yuli 1922 ta kwashe alkawarin Balfour ta mayar da shi wajibi a kan gwamnati. Sashe na 4 ya amince da wata hukumar Yahudawa da za ta riƙa ba gwamnati shawara, ta kuma yi aiki tare da ita. Sashe na 6 ya ce gwamnati ta sauƙaƙa shigowar Yahudawa, ta ƙarfafa zamansu a kan filaye har da filayen gwamnati, tare da kiyaye haƙƙin sauran mazauna. Sashe na 7 ya ce a sauƙaƙa musu zama 'yan ƙasa. Sashe na 11 ya ba gwamnati damar haɗa kai da waccan hukumar wajen manyan ayyuka. Sashe na 22 ya sa Ibrananci ya zama harshen gwamnati tare da Larabci da Ingilishi. Larabawa, waɗanda su ne kusan kashi 90 cikin ɗari a lokacin, takardar ba ta tsara musu hukuma irin wannan ba.

Ga yadda shigowa take a aikace. Babban Kwamishina na farko, Herbert Samuel, ya kama aiki a Yuli 1920, wata guda bayan haka ya fitar da dokar shige da fice da ta ba da izinin 16,500 a shekarar farko. Bayan rikicin Yafa na Mayu 1921 ya dakatar da shigowa na ɗan lokaci. Daga nan farar takardar Churchill, wato takardar bayyana manufar gwamnati, ta Yuni 1922 ta kafa ƙa'idar da aka bi har 1937: za a shigo gwargwadon abin da tattalin arzikin ƙasa zai iya ɗauka.

Aka kasa masu shigowa gida huɗu. Rukunin A masu abin hannu, kuma babbansu shi ne mai jari. Da farko fam 500 ake nema, daga baya aka mayar fam 1,000. Rukunin B ɗalibai da malaman addini da marayu waɗanda wata cibiya ta ɗauki nauyinsu. Rukunin C leburori. Rukunin D iyalan wanda ya riga ya zauna. Mai fam 1,000 ba a ƙayyade yawansa ba, ko dubu nawa suka zo za su shiga. Rukunin C ne ake yi wa lissafi duk wata shida. Hukumar Yahudawa ta kawo adadin guraben aikin da take hasashe, sashen shige da fice ya bincika ya rage, Babban Kwamishina ya sa hannu, sannan a miƙa wa hukumar satifiket ɗin ba suna a jiki. Ita ce za ta raba su ga ofisoshinta na Warsaw da Berlin da sauran biranen Turai, ita ce kuma za ta zaɓi wanda zai samu. Yawanci matasa 'yan shekara 18 zuwa 35 ake so, musamman waɗanda suka yi horon noma ko sana'ar hannu a sansanonin ƙungiyoyin Sahyoniya.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne zuciyar lamarin. Gwamnati ta riƙe adadi, ta bar wa ƙungiyar siyasa zaɓen mutane.

Malam Habu:
Barista, wannan ƙa'ida ta "abin da tattalin arziki zai ɗauka" ai kamar ta kare Larabawa ne. Ina matsalar take?

Barista Nura:
Matsalar tana wurin awo, Malam. A aikace guraben aikin da ke cikin kasuwancin Yahudawa ake dubawa, ba rashin aikin ƙasa baki ɗaya ba. To mai jari ya shigo ba iyaka, ya buɗe masana'anta ko ya soma gini, ya ce leburori Yahudawa yake so. Wata shida mai zuwa wannan buƙata ta zama hujjar ƙarin satifiket. Sababbin zuwa su nemi gidaje, gini ya ƙaru, a sake neman leburori. Haka abin yake ciyar da kansa. Balarabe marar aiki a gefen tasha bai shiga wannan lissafi sosai ba, don ba a da ƙididdigar kirki ta marasa aiki a cikinsu.

Sannan akwai ɓarakar da kowa ya sani. Satifiket guda yana ɗaukar mutum da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, sai aka riƙa ɗaura auren takarda don a shigo da mace, a rabu bayan an sauka. Wasu su shigo da bizar yawon buɗe ido, kamar lokacin gasar wasannin Yahudawa ta Makabiya a 1932 da 1935, su ƙi komawa. Gwamnati ta riƙa cire wani kaso daga satifiket na gaba don ta halatta zaman irin waɗannan. Bayan shekara biyu da zama kuma mutum yana iya neman zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin dokar 1925. Ita wannan dokar dai ta bar dubban Falasɗinawa da ke ci-rani a Kudanci da Tsakiyar Amurka, irin su Chile da Honduras, ba su da ƙasa, don wa'adin da aka ba su ya wuce kafin da yawansu su ji labari.

Dakta Sa'idu:
Barista, ban musanta ko ɗaya daga abin da ka kawo ba, amma kada mu ɗora wa Ingila abin da ba ita ta yi ba. Ingila ba ta biya wa kowa kuɗin jirgi ba, ba ta sayi fili ta ba kowa a Haifa ba. Kuɗin na ƙungiyoyin Sahyoniya ne da aljihun masu zuwa. Kuma ƙofa a buɗe ba ta isa ta kawo mutane. Dubi alƙaluman ƙasa baki ɗaya. A 1925 mutum 33,801 suka shigo. Me ya jawo? Amurka ta rufe ƙofarta da dokar 1924, a Poland kuma harajin gwamnatin Grabski ya durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa Yahudawa. Shekara biyu bayan haka, 1927, da kasuwa ta faɗi, 2,713 suka shigo, 5,071 suka fita. Ƙa'idar Ingila ta "abin da tattalin arziki zai ɗauka" ba ta sauya ba tsakanin shekarun nan biyu.

Sai Hitler ya hau mulki a Janairu 1933. A shekarar 30,327, a 1934 42,359, a 1935 61,854. Waɗanda suka fito daga Jamus a cikinsu mutane ne da aka kora daga aiki, aka ƙwace musu haƙƙin zama 'yan ƙasa, kuma ƙasashe kaɗan ne suka yarda su karɓe su. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, bai fahimci dalilin da Haifa ta cika cikin shekara huɗu ba.

Malama Zainabu:
Gaskiya ne Dakta, tura daga Turai take. Amma wa yake tsaye a bakin ƙofa a waɗannan shekarun? Arthur Wauchope, Babban Kwamishina daga 1931 zuwa 1938, kuma shi ne ya fi kowa sakin hannu wajen sa hannu a jadawalin leburori. Kafin zuwansa an yi yunƙurin tsuke ƙofa. Rahoton Hope Simpson da farar takardar Passfield, duka a Oktoba 1930, sun ce a rage shigowa, a duba rashin aikin Larabawa da ƙarancin fili. Matsin lamba a Landan ya sa Firayim Minista Ramsay MacDonald ya rubuta wa jagoran Sahyoniya Chaim Weizmann wasiƙa ranar 13 ga Fabrairu 1931 wadda ta warware kusan duka. Larabawa suna kiranta baƙar wasiƙa. Da an zartar da takardar Passfield, da alƙaluman 1933 zuwa 1935 ba su kai haka ba.

Ga kuma inda dokar fam 1,000 ta haɗu da halin Jamus. Gwamnatin Nazi ta hana fita da kuɗi. A Agusta 1933 aka ƙulla yarjejeniyar Ha'abara: Bayahude ya zuba kuɗinsa a wani asusu a Jamus, a sayi kayan Jamus da su, injuna da bututu da kayan gini, a kai Falasɗinu a sayar, a biya shi a can da fam. Ta haka mutum yake cika sharaɗin rukunin A. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da masu zanen gini da suka zauna a kan Dutsen Karmel ta wannan hanyar suka zo.

Injiniya Kabiru:
Ku ba ni dama in amsa abin da ba a taɓa ba tukuna. Me ya sa Haifa? Ai Yafa ce tsohuwar tashar ƙasar. Amsar tana cikin taswirar daular Ingila.

Gabar Yafa duwatsu ne, jirgi ba ya iya matsowa. Sai ya tsaya can cikin teku a riƙa sauke mutane da kaya da kwale-kwale, in iska ta taso a haƙura. Haifa kuwa tana da lungun teku da Dutsen Karmel ya kare daga iskar kudu maso yamma, ga layin dogo tun 1905 da ya haɗa ta da Dar'a a kan layin Hijaz. Turawa suka haɗa ta da layin da ya taso daga Kantara a Masar, suka sa hedikwatar reluwe ta ƙasa a can, daga baya suka gina babban garejin gyaran jiragen ƙasa kusa da kogin Kishon.

Tashar jiragen ruwa mai zurfi an fara ta a 1929 bisa tsarin Injiniya Frederick Palmer, Wauchope ya buɗe ta ranar 31 ga Oktoba 1933. An kashe wajen fam miliyan ɗaya da kwata, daga bashin da baitulmalin Ingila ya tsaya wa gwamnatin Falasɗinu, wanda kuma daga harajin mutanen ƙasar ake biya. Babbar katangar tare igiyar ruwa ta haura kilomita biyu, da dutsen da aka fasa a Atlit aka kawo ta jirgin ƙasa. Yashin da aka yaso daga ƙasan teku da shi aka cike gaba, aka sami sabon fili, aka shimfiɗa titin Kingsway da bankuna da ofisoshin kamfanonin jiragen ruwa. Wannan cikon ya raba tsohon garin Larabawa da bakin ruwa, ya kuma janye cibiyar kasuwanci daga cikinsa.

Sai mai. Bututun kamfanin man Iraƙi mai faɗin inci 12 ya taso daga Kirkuk, ya rabu biyu a Haditha, reshe ɗaya ya nufi Tarabulus ta Labanan don Faransa, ɗayan ya zo Haifa, tafiyar sama da kilomita 900. An buɗe shi a Janairu 1935. Matatar mai ta Shell da Anglo-Iranian an soma gina ta a 1938, ta soma aiki a ƙarshen 1939.

Duk wannan Ingila don kanta ta yi, don man jiragen yaƙinta da tsaron mashigin Suez. Amma wanda yake da jari da ƙwararru da ƙungiyar da za ta sayi filin da ke kewaye tun kafin a aza tubali, shi ya ci moriya.

Alhaji Mamman:
Injiniya ka zo inda nake jira. Ni abin da na fi sani shi ne harkar masana'antu da kwastan. Wutar lantarki tukuna: a 1921 gwamnati ta ba Pinhas Rutenberg lasisin samar da wuta, daga baya aka tabbatar masa da na kogin Urdun na shekara 70, wanda ya ba kamfaninsa ikon kusan ƙasar duka ban da yankin Ƙudus. Ba a yi gasar neman kwangila ba. Tashar wutarsa ta Haifa ta soma aiki a 1925. Wanda ke riƙe da wuta shi ke sanin unguwar da za a fara ja wa waya.

A wannan tsakanin manyan masana'antu uku suka tashi a Haifa da jarin Yahudawa: injin niƙan fulawa na gidan Rothschild, kamfanin mai da sabulu na Shemen, da kamfanin siminti na Nesher da ya soma fitar da kaya a 1925. Gwamnati ta taimaka musu ta hanyar kuɗin fito. Aka ɗaga haraji a kan simintin waje don Nesher ya samu kasuwa, kowa mai gini ya saya da tsada. Aka sauke haraji a kan irin mai da Shemen ke shigowa da shi daga waje, sai farashin riɗi da man zaitun na manomin gida ya faɗi. Hope Simpson kansa ya soki wannan a rahotonsa. Ka ga manomin Galili an buge shi a gona, ya taso Haifa neman lebura, ya tarar ƙungiyar ƙwadago ta Histadrut, wadda aka kafa a Haifa a Disamba 1920, tana fafutukar kada masana'antar Bayahude ta ɗauki kowa sai Bayahude. Inda Larabawa suka fi samun aiki shi ne tasha, reluwe, matatar mai, da wuraren fasa dutse. A tashar ma, a 1933 shugaban ƙwadago na Haifa Abba Hushi ya je Salonika ta Girka ya kawo ƙwararrun 'yan dako Yahudawa.

Malam Habu:
To filin fa? Kullum ana cewa Larabawa ne suka sayar da ƙasarsu da kansu.

Barista Nura:
An sayar, amma a duba wa ya sayar da kuma dokar da ta ba shi dama. Sojojin Ingila sun rufe ofisoshin rajistar filaye a Nuwamba 1918. Samuel ya sake buɗe su a Oktoba 1920 da dokar cinikin filaye. Mafi girman ciniki a yankin Haifa na iyalin Sursuƙ ne, attajiran Bairut, waɗanda suka sayi filayen daga gwamnatin Usmaniyya tun wajen 1870. Tsakanin 1921 da 1925 sun sayar da sama da dunam 200,000 a kwarin Marj Ibn Amir, gabas da Haifa, ta hannun dillali Yehoshua Hankin. Dunam na Turawa murabba'in mita 1,000 ne, wato dunam goma hekta guda. Fadamar da ke gefen lungun tekun Haifa ita ma daga hannunsu ta fita, ta ƙare a hannun Asusun Ƙasa na Yahudawa a 1928. A kanta aka kafa Kiryat Haim a 1933, Kiryat Bialik da Kiryat Motzkin a 1934.

Mai fili yana Bairut, sabuwar iyaka ta raba shi da gonarsa, an ba shi farashi mai tsoka, sai ya sayar. Waɗanda ke kan filin manoma ne masu noma a raba, wasu kaka da kakanni. Dokar ta ce dole a bar wa irin wannan manomi abin da zai ci da iyalinsa. Yadda aka kauce mata: kafin a kai ciniki rajista sai a ba manomi 'yan kuɗi ya sa hannu ya tashi, ranar da jami'i ya zo dubawa ba kowa a filin. Wata dabarar kuma a bar kotu ta yi gwanjon filin saboda bashin jingina, don cinikin kotu bai shiga ƙarƙashin sharaɗin ba. Dokokin kare manoma na 1929 da 1933 sun zo bayan manyan cinikayya sun wuce. Da aka buɗe rajistar waɗanda suka rasa gona, mutum 3,271 suka nema, 664 aka amince da su, saboda an tsuke ma'anar wanda ya rasa gona ƙwarai.

Abin da ya bambanta wannan ciniki da na kullum shi ne ƙa'idar Asusun: filin da ya saya ba ya sake sayarwa har abada, haya yake bayarwa ta shekara 49 ga Bayahude kawai, da sharaɗin ba za a ɗauki leburan da ba Bayahude ba. Gwamnati ta san da wannan sharaɗi, ta bar shi. Duk da haka a faɗi gaskiya, zuwa 1947 abin da Yahudawa suka mallaka a ƙasar duka bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba, kuma a shekarun 1930 akwai manyan iyalan Falasɗinawa da ƙananan manoma masu bashi a cikin masu sayarwa.

Malama Zainabu:
Akwai kwatancen da ya shafe mu a nan. Ingilar nan dai ita ce a Arewacin Najeriya ta kafa dokar filaye ta 1910, wadda ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna a matsayin amanar 'yan ƙasa, baƙo ba ya saye, sai dai a ba shi takardar izinin zama. Ashe sun san yadda ake rufe kasuwar fili idan sun ga dama. Kuma Lugard da kansa ya zauna a kwamitin Geneva mai duba ƙasashen riƙon amana daga 1923 zuwa 1936, inda ake karanta rahoton Falasɗinu duk shekara.

A cikin gari kuwa, unguwanni hawa-hawa suka tashi. Ƙasa bakin teku tsohon gari da Wadi Salib da Wadi Nisnas, Larabawa. Tsakiyar dutse Hadar HaKarmel, wadda Richard Kauffmann ya tsara a farkon shekarun 1920 kewaye da kwalejin fasaha ta Technion. Can sama Karmel da Ahuza, wadda cikakken sunanta na Herbert Samuel ne. Hadar tana da kwamitinta mai karɓar kuɗi daga mazauna, mai kula da ruwa da tituna, kuma dokar al'ummomin addini ta 1926 ta buɗe wa al'ummar Yahudawa hanyar sa wa 'ya'yanta haraji don makarantu da sauran hidimomi. Ƙauyawan da suka shigo kuwa suka kafa bukkokin gwangwani da buhu a gefen gari, irin su Hawasa, ba famfo ba magudana. A cikin waɗannan mutane ne Shaihu Izzuddin al-Ƙassam, limamin masallacin Istiƙlal, ya sami mabiya, kafin 'yan sandan Ingila su kashe shi kusa da Ya'bad ranar 20 ga Nuwamba 1935.

Dakta Sa'idu:
To yanzu a ci gaba da labarin zuwa inda bai dace da "Ingila ce ta yi komai" ba. Bayan boren Larabawa na 1936 zuwa 1939, wanda Ingila ta murƙushe da kisa da rataya da rusa gidaje, ita ce kuma ta juya. Farar takardar Mayu 1939 ta ce mutum 75,000 kawai cikin shekara biyar, 10,000 duk shekara da ƙarin 25,000 'yan gudun hijira, bayan haka sai da yardar Larabawa. Wannan fa 'yan watanni kafin yaƙin da aka hallaka Yahudawan Turai miliyan shida. Tashar Haifa ta koma wurin kamu. Aka buɗe sansanin tsare mutane a Atlit, kilomita 20 kudu da gari. Ranar 25 ga Nuwamba 1940 jirgin Patria yana cikin tasha ɗauke da wajen mutum 1,800 da za a kai tsibirin Morishus, 'yan ƙungiyar mayaƙan Yahudawa ta Haganah suka dasa bam don su hana shi tashi, ya nutse cikin mintuna, sama da 250 suka mutu. Daga Agusta 1946 aka riƙa kai waɗanda aka kama tsibirin Kubrus, sama da 50,000 suka ratsa sansanonin can. A Yuli 1947 aka jawo jirgin Exodus cikin Haifa da mutum 4,515, yawancinsu waɗanda suka tsira daga sansanonin Nazi, aka mayar da su har Hamburg.

Barista Nura:
Haka ne Dakta, kuma zalunci ne a kan waɗannan bayin Allah, ba mai musu. Sai dai dubi dokar filaye ta Fabrairu 1940 da ta biyo bayan farar takardar. An kasa ƙasar uku: kashi 63 an hana sayar wa Bayahude, kashi 32 sai da izinin Babban Kwamishina, kashi 5 an bar shi a buɗe. Me ke cikin kashi biyar ɗin? Lungun tekun Haifa, yawancin gabar teku, da duk filin da ke cikin iyakar birane. Ke nan dokar ba ta taɓa Haifa ba. Lokacin yaƙi kuma kwangilolin sojan Ingila sun ƙara wa masana'antun garin ƙarfi. A 1940 magajin gari Hasan Shukri ya rasu, Shabtai Levy ya gaje shi, Bayahude na farko a kujerar.

Kada kuma a manta ɓangaren makami. Don tsaron bututun mai ne hafsan sojan Ingila Orde Wingate ya kafa rundunar sintirin dare a 1938, sojan Ingila haɗe da 'yan Haganah, ga dubban 'yan sandan sa-kai Yahudawa da gwamnati ta ba bindiga da albashi, a daidai lokacin da ake rataye Balarabe saboda an same shi da makami.

Injiniya Kabiru:
Tsarin unguwannin da Malama ta zana shi ya yanke hukunci a 1948. Ƙudurin raba ƙasa na 29 ga Nuwamba 1947 ya sa Haifa a ɓangaren Yahudawa. Ranar 30 ga Disamba 'yan Irgun, wata ƙungiyar mayaƙan Yahudawa, suka jefa bam cikin leburori Larabawa a ƙofar matatar mai, shida suka mutu, leburori suka afka wa abokan aikinsu Yahudawa suka kashe 39, Haganah ta rama a ƙauyen Balad al-Shaikh. Daga nan masu hali cikin Larabawa suka soma ficewa, kafin Afrilu kusan rabi sun tafi.

Ranar 21 ga Afrilu 1948 kwamandan Ingila na yankin, Manjo Janar Hugh Stockwell, ya janye sojojinsa daga wuraren da suka raba ɓangarorin biyu, ya tattara su wajen tasha don tsare hanyar ficewar rundunarsa. Haganah tana sama a Hadar, unguwannin Larabawa suna ƙasa. Cikin kwana guda aka gama. A taron da aka yi a zauren birni ranar 22, wakilan Larabawa suka ce ba za su iya sa hannu a sharuɗɗan miƙa wuya ba, za su fice, Shabtai Levy ya roƙe su su zauna. A ranar dai harsasan turmi suna sauka a kasuwa, jama'a suka ɓalle ƙofar tasha, aka riƙa kwasarsu a kwale-kwale da jiragen Ingila zuwa Akka, wasu suka wuce Bairut. Cikin Larabawa wajen 70,000, abin da ya rage bai wuce 3,000 zuwa 4,000 ba, kuma a Yuli aka tattara yawancinsu a Wadi Nisnas. Ba a bar waɗanda suka fita sun dawo ba. Sojan Ingila na ƙarshe ya hau jirgi a tashar ranar 30 ga Yuni 1948.

Malam Habu:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Barista, saura abu guda da ban gane ba. Gidajen Wadi Salib da mutanensu suka fita, da wace doka aka riƙe su, kuma wa aka zuba a ciki?

Barista Nura:
Wannan ya faɗo bayan tafiyar Turawa, Malam. Sabuwar gwamnatin Isra'ila ta sa su a hannun mai kula da dukiyar waɗanda ba sa nan, da dokokin gaggawa na 1948, sannan dokar 1950 ta tabbatar. Aka zuba sababbin baƙi a ciki, da yawansu Yahudawan Maroko, cikin cunkoso da talauci, har unguwar ta yi bore a Yuli 1959. Bayan boren aka kwashe mazauna zuwa wasu unguwanni, aka toshe ƙofofi da tagogin gidajen dutsen da bulo, wasu aka rushe.